Mai Tsaya wa Hayatu

Barira ta riga ta zura ƙafa ɗaya a takalmi kafin Taiba ta gane ta yi suɓutar baki.

"Inna, don Allah ki zamna. Ba haka nike nuhi ba."

"Kin ce ko ba ki ce ba? Yau za a zamna a kanshi, kuma ba shi da mai tsaya mishi."

"Na ce, amma tsayawar ba irin tamu ba ce. Ta takarda ce."

"Takarda ƙahwa gare ta da za ta tsaya?" in ji Barira, ta zura ɗaya ƙafar.

Taiba matar Hayatu ce, Hayatu kuwa ɗan Barira ne na fari, injiniya a aikin ban-ruwa na Bakolori. Duk Talata Barira takan taso daga Bakura da kwandon daddawa zuwa kasuwar Talata Mafara, ta biyo ta gidajen ma'aikata ta sha ruwa. Yau da ta shigo sai ta ga kwanon koko a rufe, ba a taɓa ba, alhali rana ta ɗaga. Daga tambayar koko aka kai ga sauran magana.

Ga yadda Taiba ta bayyana mata. Su injiniyoyi ba iri ɗaya ba ne. Akwai na hanya, akwai na gada, akwai na benaye, kowane da ƙungiyarsa, kamar yadda mahauta ke da sarkinsu, magina ke da nasu. Ta su Hayatu ita ce Ƙungiyar Injiniyoyin Madatsai da Ban-ruwa. Ko kana da takardar jami'a, in ba su karɓe ka ba, sa hannunka a kan zanen aiki bai wuce zanen yaro a ƙasa ba, sai wani ya sa nasa a sama. Mutum uku ne suka zo daga Kaduna don su tantance shi, kuma sau ɗaya suke zuwa wannan yanki a shekara biyu. Dokarsu ta ce sai 'yan ƙungiya biyu sun tsaya wa mutum. Ɗaya ya sa hannu daga Sakkwato. Ɗayan, Baturen da Hayatu ya yi shekara huɗu a ƙarƙashinsa, ya koma ƙasarsu watan jiya da takardar a aljihun jaka, ya manta.

"In ba su karɓe shi ba fa?" Barira ta tambaya.

"Sai bayan shekara biyu. Kuma zanen da ya yi na gyaran kanal ɗin Mashanya sai shi ci gaba da kwana cikin fayil."

Wannan ce ta tsaya wa Barira a rai. Kanal ɗin nan ƙarami ne, reshe ne da ya rabu da babban, shi ke kai ruwa gonakin da aka raba wa mutanen unguwarsu bayan katafila ta baje ƙasa. Rani uku ke nan ana sakin ruwa, yana kaiwa rabin hanya ya ɓace. Mutane suna shuka alkama suna girbe kara.

Ita kuwa Barira 'yar mai haƙar rijiya ce. Ta tashi ta ga yadda ake shiga sana'a. Ba wanda ke ɗaukar dagi ya shiga rami sai wani babba na gidansu ya kama hannunsa, da goro, ya kai shi gaban shugaban mahaƙa ya ce, ga shi, ni na tsaya masa, in ya yi ɓarna ni za a nema. Mahaifin Hayatu ya rasu. Baffanninsa sun watse tun da ruwan dam ya ci tsofaffin garuruwa ta wajen Maradun. To wa ya rage? Kuma tun abin da ya faru tsakanin manoma da 'yan sanda shekara biyu baya, wanda har yanzu mutane ke rage murya in za su ambata, kalmar kwamiti ba ta shiga kunnen kowa a yankin nan ta bar cikinsa lafiya.

"Inna, zai ji kunya," Taiba ta faɗa daga bakin ƙofa, kamar za ta yi kuka.

"Kunya ba ta kisa. Ki ɗumama kokon nan."

Ta bar wa maƙwabciyarta ta rumfa kwandon daddawa, ta ratsa layin 'yan tumatir zuwa wurin Malami mai goro. Ta sa shi ya kwance huhu sabo, ta zauna tana zaɓe ɗaya-ɗaya, fari tas, mara tabo.

"Barira, wanga goro na neman aure ne. Wa kika samu?"

"Kai nika jira, na ga ba ka da niyya."

"Ni da haƙora huɗu?"

"Shi ya sa ban sai maka mai tauri ba. Ƙulla mini, sauri nikai."

Gidan saukar baƙi na ma'aikatar yana bayan gari, da shingen waya da itatuwan dalbejiya a jere. A barandar ɗakin taro masinja Nasidi na zaune a kan benci, tsohon soja ne mutumin Faru, da hular kaki da sanda a cinya. Suka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi Bakura da mutanenta, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo da iyali. Sai da gaisuwa ta ƙare ya kalli ƙullin da ke hannunta.

"Ba a shiga, Barira. Oda ce."

"Na ce maka shiga za ni? Inuwa niz zo sha."

Ta zauna a ƙarshen bencin, daidai taga. Gilasan tagar a buɗe suke, fanka na juyi a ciki. Ta hango dogon tebur, mutum uku a bayansa. Na tsakiya dattijo ne mai furfura da farar babbar riga. Na dama mutumin kudu ne da tabarau, yana ta rubutu. Na hagu dogo ne siriri cikin kwat, yana buga biro a kan tebur. A gabansu ga Hayatu a tsaye, ya ba ta baya, farar rigarsa ta manne da gumi tun daga wuya har ƙugu.

Da Turanci ake maganar, ba ta tsinci komai ba. Amma muryar mai kwat ba ta buƙatar tafinta. Yana jefa tambaya, Hayatu na fara amsawa, sai ya katse shi. Can cikin ruwan Turancin nan ta ji kalma ɗaya ta gida, kamar ka hango ɗan unguwarku a tashar garin da ba ka san kowa ba. Mashanya. Mai kwat ya sake faɗa, ya yi 'yar dariya ta hanci. Hayatu ya sunkuyar da kai.

Barira ta miƙe. Nasidi ya ɗaga sanda ya tare ƙofa, ita kuwa ba ta taɓa ƙofar ba. Ta dai tsaya a bakinta ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam," dattijon tsakiya ya amsa, kafin ma ya ɗago kai. Bakinsa ne ya riga shi.

"An amsa," ta ce wa Nasidi, ta ɗage sandar da yatsa biyu ta wuce.

Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa nesa kaɗan da tebur. Ta gaishe su da kwana, da gajiyar hanya, da sanyin bana, da iyalan da suka baro. Dattijon, wanda shi ne shugaban zaman, Injiniya Abdulmumini, ya amsa mata duka bai rage ko ɗaya ba. Hayatu kuwa ya daskare a tsaye, kamar an dasa shi. Sannan ta matsa ta ajiye ƙullin goro a gefen fayil.

Mai kwat, Injiniya Maiwada, ya ja kujerarsa baya kamar an ajiye masa kunama.

"Ranka ya daɗe, ka gani? Ana tsakar tantance mutum a kawo wa alƙalai kaya? Wannan kaɗai ya isa a rufe fayil ɗin."

"Wallahi ban san da zuwanta ba," in ji Hayatu.

Abdulmumini ya ɗaga hannu. Ya dubi Barira da kyau.

"Baiwar Allah, ɗanki ne?"

Barira ta kalli fanka. "Ɗan mutane ne. A gidanmu dai ya tashi."

"Yaya sunansa?"

"Ai kun rubuta."

Dattijon ya danne murmushi. Ya juya ya yi wa na tabarau bayani da Turanci, cewa uwa ce da ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta kuma nuna nata ne a gaban mutane. Na tabarau ya ajiye biro, ya cire tabarau ya sake kallonta. Sannan Abdulmumini ya kira Nasidi.

"Ɗauki wannan goro ka kai masallacin bakin hanya, a raba sadaka bayan azahar. Babu wanda ya taɓa shi a cikinmu, kowa shaida ne. Injiniya Maiwada, ya yi?"

Maiwada ya ɗaga kafaɗa.

"To, Inna, me ke tafe da ke?"

Barira ta gyara zama. Ta faɗe shi yadda ta ji ana faɗa tana yarinya. "An ce ba shi da mai tsaya mishi. Ubanshi ya riga mu gidan gaskiya. Ni na tsaya. Ba shi sata, ba shi ƙarya, in an ba shi aiki ba shi barci sai ya ga ƙarshenshi. In ya yi ɓarna, Bakura nike, bayan masallacin Juma'a, a tambayi Barira mai daddawa."

Hayatu yana kallon siminti.

"Mun ji, kuma mun gode," in ji Abdulmumini a hankali. "Sai dai tamu tsayawar da sharaɗi. Dole mai tsayawa ya zama ɗan ƙungiya, wanda ya ga aikin mutum da idonsa. Ba don raini ba ne. Ruwa muke tarewa, Inna. In wanda bai iya ba ya sa hannu, gari ake kwashewa."

"Wanga gaskiya ne," ta ce. Ta ɗan yi tunani. "Ku ukun ga ba 'yan ƙungiyar ba ne?"

"Mu ne. Amma ba mu ga aikinsa ba, takardarsa muka gani."

"Mi ya hana ku gani? Mashanya ba ta yi ƙaura ba. Jiya ma na wuce ta."

Maiwada ya yi dariya, ya jawo wata babbar taswira ya buga yatsa a kai. "Ba sai mun je ba. Masu safiyo sun auna wurin nan shekara takwas da suka wuce, sun ce laka ce mai riƙe ruwa. Shi kuma ya zo ya rubuta mana wai yashi ne a ƙasa, wai tsohon rafi ne da ƙasa ta binne. Lambobi kowa na iya rubutawa. Na ce masa, wa ya nuna maka wurin haƙa? Ya rubuta a nan, shafi na tara, wai wata tsohuwa. Tsohuwa ba suna! Na tambaye shi sunanta sau uku ya ƙi faɗa. Haka ake kafa hujja a ƙungiyar injiniyoyi?"

Barira ta juya rabin juyi, ba ta dai kalli Hayatu ba.

"Tsohuwa anka rubuta?"

"Haka ya rubuta."

"To, Allah shi kai mu ga tsufan. Ni ce."

Na tabarau ya nemi a fassara masa, da aka fassara ya yi dariya har da buga tebur. Abdulmumini ya ce masa, shi ma ɗan ba ya kama sunan uwa, ko da fayil zai rufe a kansa.

Maiwada bai yi dariya ba. "Ko sunan wurin ya ishe mu. Ni Bahaushe ne, ba Bature ba. Mashanya wurin shanya ne, fako, inda mata ke baza hatsi. Ana shanya a kan yashi mai jiƙa?"

"Ɗan nan, kai mutumin ina ne?"

"Katsina."

"Shi ya sa. Ba wadda ta taɓa shanya ko barkono a Mashanya. Ba shanya ba ce, shanyewa ce. Muna yara, in anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwari duk shi cika, ruwan shi gangaro nan, kahin la'asar babu ko na wankin hannu. Ta shanye. Da rani kuwa nan muka zuwa da sakaina mu tona, mu samu na sha. Babana ya haƙa rijiya ɗari a ƙasar ga, bai taɓa yarda shi shiga rami a Mashanya ba, don bango ba shi tsayawa."

Biron Maiwada ya daina bugun tebur.

Abdulmumini ya dubi agogo, ya dubi abokansa. "Nawa ne nisan?"

"Minti arba'in, ranka ya daɗe," in ji Hayatu.

"A kira direba."

Barira aka ba gidan gaba na Landuroba, manyan suka cushe a baya da Hayatu da taswira. Ba ta taɓa zama gaban mota ba, ta riƙe ƙarfen da ke gabanta da hannu biyu. Suka bar hayaniyar kasuwa, suka hau hanyar Bakura, suka saki kwalta suka bi gefen babban kanal. Ruwa cike yake tafiya cikin kankare, yara na wanka, mata na wanki. Hagu da dama alkama ce kore shar, da tumatir, da albasa, a tsakiyar rani. Duk abin da dam ɗin nan ya ci wa mutane, kuma ya ci da yawa, in ka ga wannan kore sai zuciyarka ta ɗan sauka.

Suka karkata suka bi ƙaramin reshe, wanda ba a yi masa kankare ba, ƙasa ce aka daddaɓe. Ruwan ya fara da ƙarfi. Sannu a hankali ya rage, ya koma kamar wanda aka zubar daga tulu, ya koma danshi, ya ƙare. Daga nan gaba gonaki ne ja wur, alkamar ba ta wuce idon sawu ba.

"Nan," in ji Barira.

Manoma biyar-shida da ke nesa suka ga motar gwamnati, suka tsaya cak, ba wanda ya matso. Sai da Barira ta sauko ta ɗaga hannu.

"Gidaɗo! Ba kama kowa za a yi ba. Kawo galma da bokiti."

Gidaɗo, wani dogon Bafulatani da ya bar kiwo ya kama noma, ya zo yana kallon masu takalman fata a kaikaice. Aka gaisa. Barira ta ce a haƙa rami biyu, ɗaya can baya inda ruwa ke tafiya lafiya, ɗaya nan, kowanne zurfin hannu har kafaɗa.

"A ce wa mai farar riga shi kama galma," ta faɗa wa iska, ɗanta take nufi.

"A'a," in ji Maiwada. Ya tuɓe kwat ya miƙa wa direba, ya naɗe hannun riga. "Shi ya san inda ya haƙa da. Ni zan zaɓi wuri, ni zan haƙa."

Ya yi taku talatin daga bakin kanal a can baya, ya haƙa. Laka ce baƙa mai danƙo, tana kama galma. Ya dawo Mashanya ya zaɓi inda ƙasa ta fi tauri, fako sosai, har galma na tashi da ƙara.

"Kun ji ko?" ya ce yana haki.

"Ci gaba dai, ɗan Katsina," in ji Barira. "Ɓawon ne."

Taƙi ɗaya, taƙi biyu, laka. Sai galmar ta nutse masa ba zato, har ya kusa kifawa. Ya sa hannu ya damƙo. Yashi ne fari, mai laushi, da 'yan duwatsu masu santsi irin waɗanda ruwa ya daɗe yana gogawa. Ya tsaya yana murza shi a tafin hannu.

Gidaɗo ya ɗebo ruwa. Aka zuba bokiti ɗaya a ramin farko, ruwan ya zauna yana kallon sama. Aka zo na biyu. Maiwada ya ɗaga hannu zai duba agogo don ya auna lokaci, kafin ya sauke ido ramin ya koma wayam, sai ɗan kumfa.

"Ƙaro," ya ce.

Aka ƙaro. Ruwan ya tafi. Aka ƙaro na uku, na huɗu. Manoman sun matso yanzu sun kewaye ramin.

"Ranka shi daɗe, ko dam ɗin duka za ka juye mata, ba ta cewa ta ƙoshi," in ji Gidaɗo. "Rani uku muna faɗi, ana ce muna mu ka sace ruwan da dare."

Maiwada ya zauna a bakin ramin, a ƙasa, da wandonsa mai tsada. Ya damƙo yashin a hannu. Da ya buɗe baki, ba Turanci ya yi ba.

"Ranka ya daɗe, lokacin da masu safiyo suka zo nan, ni aka haɗa su da shi. Sabon fitowa daga makaranta, ni kaɗai ke jin Hausa. Suna huda ƙasa duk bayan taku ɗari biyar. Da muka iso nan rana ta yi zafi, injin huda na ba da wahala. Babbansu ya ga sunan, ya ce mene ne ma'anarsa? Na ce wurin shanya, busasshiyar ƙasa mai tauri. Ya buga ƙafa ya ji tauri, ya ce a wuce." Ya watsar da yashin. "Akwai mutane a gona ranar. Ban tambayi kowa ba."

Barira ce ta ce, "Ai da ka tambaya ma, da mun ga Turawa gudu za mu yi."

Manoman suka fashe da dariya, shi ma ya yi 'yar kaɗan. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya dubi Hayatu sosai, karo na farko tun safe.

"Rami nawa ka haƙa?"

"Arba'in da biyu, ranka ya daɗe. Faɗin yashin taku ɗari uku da ashirin ne. Shi kaɗai za a yi wa kankare, ba duk reshen ba."

"A kawo fom ɗin mai tsayawa."

Abdulmumini ya riƙe fayil ɗin bai sake ba tukuna. "Ka san in ka sa hannu ka sauka daga kujerar alƙali. Mai tsayawa ba ya yanke hukunci. Kuma rahotonsa zai fito a mujallar ƙungiya, kowa zai karanta yadda aka tsallake wurin nan."

"Doka ta yarda mutum biyu su yanke. Rahoton kuma a ƙara masa sunana a inda ya dace."

A kan murfin injin mota Maiwada ya sa hannu, ƙarfen na ƙona masa gwiwar hannu, yatsunsa suka bar tabon laka a gefen takardar.

Ba a gama ba fa. Na tabarau ya ja Hayatu bakin kanal ya yi masa tambayoyi masu yawa da Turanci, kan kaurin kankare da yadda za a hana shi tsagewa a kan yashi. Wannan karon ba wanda ya katse shi. Barira ba ta jin abin da yake faɗa, amma ta ga hannunsa na aunawa a iska, ta ga bayansa ya miƙe. Sannan alƙalan biyu suka koma inuwar mota suka yi ƙus-ƙus. Ba su daɗe ba. Abdulmumini ya dawo ya miƙa wa Hayatu hannu.

"Barka da shigowa, Injiniya. Takardar shaida za ta biyo ka daga Kaduna. Zanenka kuwa ka sa masa hannu gobe, ka kai."

Manoman ba su san ƙungiya ba, amma sun ji kalmar gobe. Gidaɗo ya kama hannun Hayatu da nasa biyu yana girgizawa. Barira kuwa ta juya baya tana tambayar wani manomi jikin matarsa, ta tambaya sau biyu, ba ta ji amsar ba ko sau ɗaya. Bakin mayafinta kawai take ta murzawa.

Abdulmumini ya ce a fara sauke ta a Bakura. Suka bi wata hanyar ta cikin gonaki. Maiwada ya baza taswira a cinya, ya matso da kai kusa da kujerar gaba, da fensir a hannu.

"Inna, nan fa yaya kuke ce masa?"

"Tudun Saude. Wata mata ce ta yi zamanta nan ita kaɗai da awaki."

Ya rubuta. "Can wajen itacen?"

"Gidan Kwaɗi. Ba shi bushewa sai watan bakwai, maƙarar rani."

Ya duba taswira, ya gyaɗa kai, ya rubuta. Haka suka yi ta tafiya, yana tambaya tana faɗa, wani wurin da labarinsa, wani da sunan wanda ya mutu a can. Har suka fito wani fili shimfiɗaɗɗe, an kakkafa turaku masu jan fenti an ja igiya, ga tsakuwa da bulo an jibge.

"Nan an rubuta Kadadaki," in ji Maiwada. "Sunan mutum ne?"

"Wane mutum? Ka-da-ɗaki. Ƙasar kumbura takai da damina, ta tsage da rani. Ba wanda ya taɓa gini nan ya ga damina biyu a cikinshi." Ta leƙa ta taga. "Mi za a yi da bulo?"

Maiwada ya ɗaga fensir daga kan taswira.

"Ɗakin injin famfo," in ji Hayatu a hankali. "Wata mai zuwa za a zuba harsashi."

Maiwada ya naɗe taswirar, ya miƙa masa. "Yankinka ne, Injiniya."

Hayatu ya karɓa. Ya dubi turakun, ya dubi rana da ta fara karkata, sannan ya taɓa kafaɗar direba.

"Tsaya nan."

Motar ta tsaya. Mazan suka dira ta baya ɗaya bayan ɗaya. Barira ta ce ai sai ta nuna musu inda tsagar ta fi faɗi, in ba haka ba za su wuni suna nema. Ta lalubi ƙofar, ta ja wani ƙarfe, ta tura, ba ta buɗe ba. Tana cikin lalube ta ga mutum ya zagayo ta gaban mota da sauri, da laka har gwiwar hannu. Maiwada ne. Ya buɗe mata, ya ja gefe ya tsaya har ta sauko.